Zauren da Ke Cinye Magana

Gado ya yi shekara goma sha ɗaya a wani gidan rediyo a Sakkwato, kuma a duk shekarun nan babu wanda ya taɓa jin muryarsa a akwatin rediyo. Aikinsa jan waya ne, da ɗaukar lasifika, da tsayawa bayan injiniya yana miƙa masa abin da ya nema. Amma mutum ne mai kunne, mai tambaya har a gaji da shi. A can ya gane dalilin da ya sa ake rufe bangon ɗakin watsa labarai da katako mai huji-huji a cusa auduga a bayansa. A can kuma ya koyi cewa kowane ɗaki yana da tasa murya, wadda yake ɗorawa a kan ta mai magana, ko an so ko ba a so ba.

Da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi, ma'aikata suka yi ta komawa gida, shi ma ya tattaro ƙarafunansa ya buɗe shago a Sabon Garin Jega. Yana gyaran rediyo da rikoda, yana ba da hayar lasifika ga masu biki da masu wa'azi. Iliminsa na ɗaki kuwa ya rasa mai saye. Duk wanda ya zo haya tambaya ɗaya yake yi, wato ko za a ji shi daga tashar mota. Babu mai tambaya ko za a gane abin da ya faɗa.

A bazarar shekara ta uku da samun jiha, ana tsakar cirar albasa, Alhaji Ummaru ya shigo shagon yana dogara sanda. Dattijo ne ɗan Fagada, shi ne shugaban ƙungiyar manoman albasa ta Jega da Aliero da Maiyama tun ranar da aka kafa ta. An ɗora shi ne saboda ba shi da abokin faɗa, kuma ƙauyensa ya yi ƙanƙantar da ba zai tsone wa kowane gari ido ba. Bayan sun gaisa, ya zauna a kan benci, ya ce taron shekara saura mako biyar, kuma yana so a wannan karon a ji abin da zai faɗa.

Gado ya san zauren ƙungiyar, kamar yadda kowa ya san shi. An gina shi ne cikin zumuɗin sabuwar jiha, a bakin hanyar Aliero, dogo mai tsawon taku arba'in. An shafe bangonsa da siminti sumul, an yi daɓen siminti, an rufa kwano can sama ba sili. Ranar buɗe shi manyan baƙi daga Birnin Kebbi sun yaba ƙwarai, ko da yake babu wanda ya iya maimaita kalma ɗaya daga jawabansu. Tun daga nan duk taron da aka yi a ciki haka yake tafiya. Mai magana ya yi ta buɗe baki, zauren ya yi ta ruri kamar an kifa wa mutane ganga a ka, in ya yi shiru a ce "Haka ne, mun yarda," a yi addu'a a watse.

Sakataren ƙungiyar, Surajo, ɗan Jega ne mai takardar sakandare da son abin zamani, kuma ya riga ya yi nasa maganin. Da aka yi kukan ba a ji, ya sayo manyan lasifika biyu daga Kano. Da aka ƙara kuka, ya ƙaro biyu, ya kafa ɗaya a kowace kusurwa suna kallon juna. Shi ya buɗe wa Gado zauren washegari da hantsi, yana nuna masa su da alfahari irin na mai nuna shanunsa.

Gado bai ko dube su ba. Ya fito da guntayen katako biyu daga jaka, ya tsaya tsakiyar zauren, ya kafa ido a kan agogon hannunsa, ya buga su da ƙarfi. Ƙarar ta tashi ta bugi bango, ta dawo, ta hau kwano, ta sauko, ta yi ta yawo kamar baƙon da ya rasa ƙofa. Sai da tsinken agogo ya taka sau huɗu kafin ta mutu. Ya sake bugawa a gaba, ya sake a baya, ya rubuta a bayan kwalin batir. Surajo ya tambaye shi ko aljanu yake kora. Gado ya ce masa awo yake yi. A ɗakin da ake son a gane magana, in ji shi, bai kamata ƙara ta wuce daƙiƙa ɗaya tana shawagi ba, wannan kuwa yana riƙe ta huɗu. Kafin kalmar farko ta mutu, mai magana ya furta goma a kanta, duk su cakuɗe. Ƙarin lasifika kuma ba ya rage cakuɗewar, ƙara mata ƙarfi kawai yake yi.

Don ya tabbatar, ya nemi mutum mai lafiyar kunne. Aka samo Almu, wani manomi daga Sarandosa da ya kawo albasa kasuwa. Almu bai taɓa fashin taro ba, bai kuma taɓa zama ko'ina ba sai layin ƙarshe, saboda a keke yake zuwa, kafin ya iso an cika gaba. Gado ya rubuta kalmomi ashirin-ashirin kashi uku ya ba Surajo ya karanta a makirfo, ɗaya bayan ɗaya, shi kuma ya zauna kusa da Almu yana jin abin da zai maimaita.

A layin baya, Surajo ya ce "rijiya", Almu ya ce "Hajiya". Ya ce "taki", Almu ya ce "jaki". Ya ce "kwando", Almu ya ce shi dai wando ya ji, amma bai ga abin da ya kawo wando cikin maganar albasa ba. Uku ya ci cikin ashirin. A tsakiya ya ci tara. Da aka kawo shi layin gaba, inda kujerun manya suke, ya ci goma sha tara, ɗayar ma tari ne ya sarƙe shi. Gado ya bayyana cewa na kusa yana samun muryar kai tsaye daga baki kafin bango ya sa hannu, na nesa kuwa abin da bango ya tauna ya tofar shi yake samu.

Maganin da ya kawo bai yi wa Surajo daɗi ba ko kaɗan. Ya ce a sauke lasifika biyu na baya. Biyun gaba a rage musu ƙarfi, a sunkuyar da bakinsu su kalli mutane maimakon bango. Sannan a rufe bangon baya da rabin na gefe da tabarmi, a bar tazarar tafin hannu tsakaninsu da siminti, a cusa tsofaffin buhunan algarara a ciki, a kuma shimfiɗa zana a ƙarƙashin kwano. Surajo ya ce an kashe ƙarfi an gina zaure irin na birni, yanzu za a mai da shi bukkar makiyaya, ina za a sa fuska in baƙi sun zo. Alhaji Ummaru ya saurari kowa, ya ce a yi yadda Gado ya ce.

Laraba, matar Gado, 'yar Fagada ce ita ma, ita ta haɗa shi da masu saƙar tabarma na garinsu. Mako biyu ana kawo su a amalanke, Gado yana kan tsani daga safe har la'asar, kwano yana gasa masa ƙeya. Duk bayan an rufe wani yanki sai ya sauko ya buga katakonsa. Huɗu ta koma uku, uku ta koma biyu da rabi. Bai taɓa jin daɗin aiki irin wannan ba tun da ya bar Sakkwato.

Wata ranar da azahar, ma'aikata sun tafi salla, Alhaji Ummaru ya zo duba aiki, ya zauna a kan tarin buhuna, ya faɗa wa Gado abin da ke ransa. Idonsa ya fara hazo, gwiwarsa ba ta son mota, kuma ya gaji da raba rigimar layin lodin albasa a mota tsakanin garuruwa uku. So yake ya koma gonarsa. A taron bara ya tashi ya ce ya ajiye shugabanci, a zaɓi wani. Da ya rufe baki zaure ya ɗauka, "Mun yarda, Allah shi ƙara lafiya," aka kama hannunsa aka ɗaga sama. Bara waccan ma haka aka yi. Sau biyu ke nan yana murabus ana yi masa murnar zarcewa.

Gado ya koma gida yana ba Laraba labari yana dariya har da riƙe ciki. Ita tana tankaɗe, ba ta yi dariyar ba. Ta bar shi ya gama, sannan ta ce, "Malam, ba kai kac ce na layin gaba suna jin sha tara cikin ashirin ba? To su wa ke zama a gaban?"

Gado ya daina dariya, ya fara lissafo su. A gaba manyan ƙungiya ke zama, dillalan Jega da masu manyan gonakin Aliero da wakilan Maiyama, da Surajo da littafinsa a gefen teburi, taku biyu daga bakin Alhaji. Kuma su ne kullum suke fara cewa an yarda, sauran zaure su bi.

Bai sha wahalar neman tabbaci ba, don Surajo da kansa ya zo shago bayan kwana biyu, ya jira wani da ya kawo gyaran rikoda ya fita, ya ja benci. Bai yi wani kewaye-kewaye ba. Ya ce in Alhaji ya sauka, Aliero za su ce su ne masu albasa, Jega za su ce su ne masu kasuwa, Maiyama za su ce an daɗe ana taka su, kuma ba za a sake zama a inuwa ɗaya ba. Dattijon nan shi kaɗai ne kowa ke jin kunyarsa.

"Zauren ga shina yi muna aiki yadda yake, Malam Gado," in ji shi. "Ba kowace magana ba ce ake so ta kai baya. Ka bar bangon gefe haka nan, ka ce tabarmi sun ƙare."

Gado ya kwana uku yana juya maganar. Ya ga gaskiyar Surajo, ya kuma ga dattijo mai hazon ido ana ɗaga masa hannu kamar ɗan dambe. Ya yi niyyar zuwa ya faɗa wa Alhaji cewa mutanensa na kusa sun daɗe suna jin sa, sai ya ga wannan zai karya masa zuciya, ya fasa. In za a faɗi gaskiya kuma, akwai abin da ya fi duk wannan nauyi a ransa. Awo ya tsaya a biyu da rabi, shi kuwa ya san zai iya kai shi ɗaya. Ya hau tsani ya rufe bangon gefe. Ranar da ya gama, ya buga katako, ƙarar ta faɗi ta mutu kafin tsinken agogo ya taka sau biyu. Ya san in mutane suka cika zauren da manyan rigunansu, su ma za su shanye saura.

Ranar taro aka cika tun da hantsi. Na baya suna shigowa suna taɓa tabarmi suna tambayar ko suna za a yi. Liman ya matso makirfo ya buɗe da addu'a, sai kawuna suka ɗago a layin ƙarshe. Karo na farko ke nan da suka ce amin a inda ya dace. Almu ya juya ya gaya wa na kusa da shi cewa ashe limamin nan yana da i'ina, shekara uku bai sani ba.

Alhaji Ummaru ya tashi. Muryarsa ƙarama ce, mai ɗan rawa, amma ta isa kowane lungu kamar yana zaune kusa da kowa. Ya yi godiya, ya yi bayanin ruwan bana da tsutsar da ta taɓa gonakin Maiyama. Sannan ya ce ya tsufa, ya gaji, ya ajiye shugabanci daga yau, kuma wannan shi ne karo na uku da yake faɗa.

Aka yi tsit, irin tsit ɗin da zauren bai taɓa iya yi ba. Wani dillali a layin gaba, ko don sabo ko don ƙarfin hali, ya ɗaga murya ya ce an yarda, Allah ya ƙara wa shugaba lafiya ya ci gaba. Mutum biyu-uku suka bi shi. A da, da ruri ya haɗiye su ya mai da su muryar jama'a. Yau sai aka ji su su huɗu ne rak, aka kuma gane muryar kowa.

Almu ya miƙe daga baya, ya cire hula ya mayar. "Ku gafarce ni, manya. Ni dai abin da na ji, bawan Allah ya ce ya gaji. Ya kuma ce sau uku ke nan. To sauran biyun, ina anka kai su?"

Alhaji ya ɗauki sandarsa ya sauko daga kan dandamali, ya nemi wuri a gefe ya zauna. Kujerarsa ta rage babu kowa, kowa kuma yana kallon ta.

Abin da Surajo ya hango bai ɓata lokaci ba. Wani mai gona daga Aliero ya ce ba sai an wahala ba, shugabanci na masu noma ne, ba na masu zama a rumfa suna taɓa buhun wani ba. Wani daga Jega ya sunkuya ya raɗa wa maƙwabcinsa cewa in ban da kasuwar Jega da albasar Aliero ta ruɓe a kan masu ita. Ya manta yana kusa da makirfo, kuma Gado ya saita shi yadda ko numfashi ba ya ɓacewa. Raɗar ta isa layin ƙarshe da cikakkun haruffanta. Mutanen Maiyama suka ce tunda ba a ko ambace su a zagin ba, sun ga matsayinsu. Aka tono maganar layin lodi, da ta wanda ya ci iyakar wani a fadama tun kafin a yi jiha. Duk wata magana da aka shekara uku ana faɗa ruri yana rufa mata asiri, ranar ta fito tsaf, babu wanda zai ce bai ji da kyau ba.

Gado yana tsugune wajen na'urarsa, hannunsa a kan maɓallin ƙarfi. Ya yi tunanin kashewa, sai ya lura ko ya kashe babu abin da zai canza, don zauren yanzu yana kai magana ko babu lasifika. A cikin tashin hankalin nan, wani ɓangare na zuciyarsa yana lissafin cewa ko a ƙofar baya mutum zai ci ashirin cikin ashirin. Ya ji kunyar wannan farin cikin, amma bai iya kore shi ba.

Kafin azahar an watse ba a yi addu'ar rufewa ba. Kafin damina ta sauka ƙungiya ta rabu uku, kowace da shugabanta da hatiminta. Zauren ya zama abin shari'a tsakaninsu, aka sa masa kwaɗo uku. A kasuwa kuwa an samu wanda za a ɗora wa laifi ba tare da wahala ba. Aka ce shekara uku ana zaune lafiya sai da mai gyaran rediyo ya rataya tabarminsa. Wasu suka ce akwai abin da aka saƙa a cikinsu. Surajo ya daina gaishe shi wata biyu, daga baya ya kawo rediyonsa gyara, suka ci gaba kamar ba a yi ba.

Abin ya dami Gado har ya rage cin abinci. Da shuka ta yi ƙwari, Laraba za ta je ganin gida, sai ya bi ta Fagada don ya nemi gafarar Alhaji Ummaru. Ya same shi a bakin gonar gero, a ƙarƙashin wata tsamiya, ya miƙe ƙafa, ya yi ƙiba har wuyansa ya cika. Gado ya durƙusa ya ce shi ya jawo rushewar abin da Alhaji ya gina. Ya ƙara da abin da ya daɗe yana ɓoyewa, cewa tun kafin taro ya gano na gaba suna ji, ya rasa bakin faɗa masa.

Dattijon ya yi murmushi, ya gyara zaman gwiwarsa. "Ɗana, idona ne ya yi hazo, ba hankalina ba. Mutumin da ke taku biyu daga bakinka, kana ganin fuskarshi in ya ji ka. Na san sun ji tun shekarar farko. Ni ba don su na kira ka ba, don su Almu na kira ka."

Gado ya tambaye shi ko bai yi baƙin cikin rabuwar ba. Alhaji ya ce ya yi, sosai ma, kwana biyu bai runtsa ba. Amma ƙungiyar da ba ta tsayuwa sai an ƙi jin tsoho, da ma ranarta kawai take jira, gara ta faɗi yana raye ya ga yadda za a ɗinke. Ya ce shugabannin uku duk sun zo wurinsa a ɓoye, kowa yana so ya sa baki, kuma yana sa bakin, a nan gindin tsamiya, mutum biyu-biyu, inda ba a bukatar waya ko batir. Maganar layin lodi ma an kusa daidaitawa. Sannan ya tambaya ko Gado zai duba masa rediyonsa, don tun da ya dawo gona ba ya kama komai sai shuu.

Gado ya buɗe rediyon a kan cinyarsa, ya tarar ƙasa ce ta cika shi, ya hure, ya goge, ya mayar. Suka saurari labaran rana tare, sannan ya yi sallama.

Bayan mako guda da komawarsa Jega, mutum biyu daga sabuwar ƙungiyar Maiyama suka zo shago. Za su yi taronsu na farko a fili, suna son hayar kaya. Gado ya tambayi yawan mutanen da faɗin wurin, ya fara bayanin cewa matsakaita biyu sun isa in an kafa su daidai. Babban cikinsu ya katse shi, ya ce su ba wannan ya kawo su ba, wadda ta fi kowace ƙara suke so, yadda in iska ta kyauta za a ji su har Jega. Gado ya dube su, ya bar bayanin da ya fara. Ya jawo kwalin batir da fensir ya tambaye su wace rana ce, kuma da ƙarfe nawa za a aiko mota.